Tura ma'aikata aiki a ƙasashen waje

Tura ma'aikata aiki a ƙasashen waje tsari ne da kamfani ko wata hukuma ke bi wajen ɗauke ma'aikaci daga ƙasar da yake aiki, a kai shi wata ƙasa ya riƙe wani muƙami na ƙayyadadden lokaci, alhali yana nan a matsayin ma'aikacin wanda ya tura shi. Wannan ne ya raba shi da ɗan ci-rani ko mai ƙaura don neman aiki, domin su da kansu suke ɗaukar nauyin tafiyarsu, shi kuwa kamfani ne ke nema masa biza, ya biya kuɗin jirgi da na gida, galibi har da kuɗin makarantar 'ya'yansa. Doguwar turawa takan ɗauki shekara biyu zuwa biyar, kuma yawanci da iyali ake tafiya. Akwai gajera ta 'yan watanni zuwa shekara guda, akwai kuma ta karɓa-karɓa wadda ta fi yawa a rijiyoyin mai da ma'adinai, inda mutum kan yi kamar mako huɗu a bakin aiki ya koma gida hutun mako huɗu.

Kamfanoni sun fi zaɓar wanda za su tura bisa ƙwarewarsa a aiki, amma binciken da aka yi tun daga shekarun 1980 ya nuna ba kasafai rashin ƙwarewa ke kawo cikas ba. Abin da ya fi kawo shi shi ne halin da iyali suka shiga, da yadda mutum ya zauna da ma'aikatan ƙasar da ya je, da kuma abin da ya tarar bayan ya dawo.

Tarihi

Tura wakili ya zauna a wata ƙasa domin kula da dukiyar maigidansa ya girmi kamfanonin zamani nesa ba kusa ba. Masanin tarihi Philip Curtin, a littafin da ya wallafa a 1984 kan ciniki tsakanin al'ummu, ya nuna cewa fatake a sassan duniya da dama sun warware matsalar bambancin harshe da al'ada ta hanya iri ɗaya: wasunsu su tare a garin baƙi, su koyi harshen gari da ɗabi'unsa, su zama gada tsakanin 'yan uwansu masu zuwa da mutanen gari. Ɗaya daga cikin misalan da masana suka fi kawowa shi ne na Hausawa. A zangunan fataucin goro irin su Salaga a ƙasar Gonja, da unguwar Sabo ta Ibadan wadda Abner Cohen ya yi nazari a kanta a littafinsa na 1969, mai gida ne ke sauke baƙon ɗan kasuwa, ya adana masa kaya, ya haɗa shi da dillali, ya kuma tsaya masa idan an sayi kaya bashi. Mafi yawan hidimar da kamfanonin kula da ƙaurar ma'aikata ke sayarwa a yau, mai gida yana yin irinta tun wancan zamani.

A Turai kuwa tsarin ya kafu ne tare da manyan kamfanonin ciniki, wato kamfanin Gabashin Indiya na Ingila da aka kafa a 1600 da takwaransa na Holan na 1602, waɗanda ke tura samari su yi shekaru a tashoshin ciniki na Asiya, da yawansu ma cuta ta kashe su kafin su ga gida. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu kamfanonin Amurka suka bazu a Turai da Latin Amurka, na Japan suka biyo baya a shekarun 1970 da 1980. A wannan ƙarni kamfanonin Sin da Indiya da na Afirka sun shigo sahu. Bankin UBA na Najeriya yana aiki a ƙasashen Afirka 20, kamfanin simintin Dangote kuma a ƙasashe aƙalla 10, saboda haka yanzu ɗan Najeriya ma kan sami kansa a matsayin baƙon manaja a Dakar ko Duwala, inda zai tarar da Faransanci da kuɗin sefa da dokokin kasuwanci na OHADA waɗanda ba su yi kama da waɗanda ya saba da su ba.

Dalilan turawa

A 1977 Anders Edström da Jay Galbraith sun kasa dalilan gida uku, kuma har yau rabon nasu ake koyarwa. Na farko cike gurbi, idan babu mai irin ƙwarewar a ƙasar da reshen yake. Na biyu horar da shi wanda aka tura, domin ya san duniya kafin a ba shi babban muƙami. Na uku, wanda su suka fi mayar da hankali a kai, shi ne riƙe ragamar reshe. Hedikwata na iya aika umarni a rubuce, amma zuwa da kai ya fi saƙo: mutumin da ya yi shekara goma sha biyar a hedikwata ya san abin da shugabanni ke so ko ba a faɗa masa ba, ya kuma san wanda zai kira idan abu ya cije.

Howard Perlmutter, a wata maƙala ta 1969, ya dubi al'amarin ta fuskar tunanin shugabanni. Wasu kamfanoni suna ganin 'yan ƙasar hedikwata ne kaɗai za a amince wa da manyan muƙamai, wasu suna bar wa kowane reshe 'yan ƙasarsa, wasu kuma suna ɗaukar wanda ya fi cancanta ko daga ina ya fito. Kusan kowane kamfani yana iƙirarin na ukun yake bi, amma jerin sunayen daraktocin kuɗi na rassansa ya fi faɗin gaskiya.

Albashi, haraji da takardu

Ma'aikacin da aka tura yakan ci wa kamfani ninkin abin da yake ci a gida, wani lokaci ninki biyu ko uku. Hanyar lissafi da ta fi shahara ita ce a bar masa albashinsa na gida, sannan a ɗora alawus na gida da na tsadar rayuwa da na makarantar yara da tikitin zuwa hutu, da kuma alawus ɗin wahala idan wurin na da haɗari ko ƙarancin asibiti. Manufar ita ce kada ya ci riba kada kuma ya yi asara saboda tafiyar. Kamfanoni irin su Mercer suna fitar da jerin birane bisa tsadarsu ga baƙin ma'aikata, kuma sakamakon kan ba mutane mamaki: a jerin 2014 Luwanda ta Angola ce ta zo ta ɗaya, Njamena ta Chadi ta biyu, sun sha gaban Tokiyo da Landan. Ba wai rayuwar talakan Njamena ta fi ta Landan tsada ba ne. Abin da ake aunawa shi ne kuɗin gida mai tsaro da janareta da kayan abincin da ake shigowa da su daga Turai.

Haraji ne ya fi rikitarwa. Yarjejeniyoyin hana biyan haraji sau biyu da ƙasashe ke ƙullawa yawanci suna ɗauke da ƙa'idar kwana 183, wato wanda bai wuce wannan adadi a ƙasar da ya je ba yana iya ci gaba da biya a gida kawai, muddin ba reshen ƙasar ke biyansa albashi ba. Amurka ta fita daban, domin tana bin 'yan ƙasarta haraji ko ina suke zaune a duniya. Don kauce wa jayayya, kamfanoni da yawa suna cire wa ma'aikaci daidai abin da zai biya da yana gida, su kuma su ɗauki nauyin ainihin harajin ƙasashen biyu.

Ƙasashe da dama suna da biza ta musamman ga mai sauya reshe a cikin kamfani ɗaya. Ta Amurka, L-1, tana buƙatar mutum ya yi wa kamfanin aiki na shekara guda a waje cikin shekaru uku da suka gabata, kuma iyakarta shekara bakwai ga manaja, biyar ga mai ƙwarewa ta musamman. Tarayyar Turai tana da dokar 1996 kan ma'aikatan da ake turawa tsakanin ƙasashenta, wadda aka yi wa gyara a 2018 domin a riƙa biyansu bisa ƙa'idojin albashin ƙasar da suka je.

Baƙunta da iyali

Kalervo Oberg, masanin halayyar al'ummu, shi ne ya yayata batun gigicewar baƙunta a wata lacca da ya gabatar wa ƙungiyar mata a birnin Riyo na Brazil a 1954, aka buga ta a 1960. Ya ce baƙo kan fara da ɗoki, komai na burge shi. Daga nan sai ƙananan abubuwa su fara gundurarsa: bai san yadda ake gaisuwa ba, bai san lokacin da ake wasa da lokacin da ake da gaske ba, bai san ko zai ba direba tukuici ba. Sai ya koma zama da 'yan ƙasarsu ana zagin mutanen gari. In ya jure sai ya fara sabawa, har ya iya yi wa kansa dariya. Sverre Lysgaard ya sami wani abu mai kama da haka a 1955 a tsakanin 'yan Norwe da suka je karatu Amurka. Nazarin da aka yi daga baya ya nuna ba kowa ke bin waɗannan matakai a jere ba, wasu ma tun ranar farko suke cikin ƙunci, amma bayanin yana da amfani ko don mutum ya san ba shi kaɗai abin ke samu ba.

Ba banza ba ne laccar Oberg ta kasance a gaban mata. Shi wanda aka tura yana da ofis da sakatare da direba da abokan aiki masu jin harshensa. Matarsa, ko mijinta idan mace aka tura, ita ke fama da kasuwa da asibiti da makaranta da mai gyaran famfo, cikin harshen da ba ta ji, ba uwa ba 'yar uwa, kuma sau da yawa ta bar nata aikin a gida domin bizar rakiya ba ta ba da izinin aiki a ƙasashe da yawa. Rosalie Tung ta binciki kamfanonin Amurka da Turai da Japan a farkon shekarun 1980, ta gano cewa a kamfanonin Amurka babban dalilin dawo da ma'aikaci kafin wa'adi shi ne kasa sabawar abokin zamansa. A na Japan kuwa dalilin farko nauyin aikin ne da ya fi ƙarfin mutum. Japanawa suna da tasu hanyar: ko dai uba ya tafi shi kaɗai ya bar iyali saboda jarrabawar yara, abin da suke kira tanshin funin, ko kuma a je garin da ke da makarantar Japanawa, kamar Dusseldorf a Jamus.

An daɗe ana maimaita cewa har kashi 40 cikin ɗari na waɗanda ake turawa suna dawowa kafin lokaci. A 1995 Anne-Wil Harzing ta bi diddigin wannan adadi daga littafi zuwa littafi, ta tarar marubuta suna ta kwafar juna ne, asalin kuma ba shi da ƙwaƙƙwaran bincike. Adadin gaskiya ya yi ƙasa da haka sosai. Sai dai dawowa da wuri ba ita ce kaɗai alamar gazawa ba. Manajan da ya cika shekarunsa uku cif amma ya kori ƙwararrun 'yan ƙasa da halinsa, ko ya ɓata tsakanin kamfani da hukuma, ba ya shiga wannan lissafi ko kaɗan.

Mata sun daɗe suna 'yan tsiraru a cikin waɗanda ake turawa, bisa zaton cewa wasu ƙasashe ba za su karɓi mace shugaba ba. Binciken Nancy Adler a Asiya a shekarun 1980 ya nuna abokan ciniki suna kallon irin wannan mace a matsayin baƙuwa kafin su kalle ta a matsayin mace, kuma mafi yawansu sun yi nasara. Shingen ya fi tsayi a hedikwata.

Bambancin al'adu a wurin aiki

Edward T. Hall, wanda ya horar da jami'an diflomasiyyar Amurka a farkon shekarun 1950, ya raba al'ummu bisa yadda suke isar da magana. A wasu, kamar Jamus da Holan da Amurka, ana sa ran a faɗi komai ɓaro-ɓaro a kuma rubuta shi. A wasu, kamar Japan da ƙasashen Larabawa, rabin saƙon yana cikin wanda ya faɗa da inda ya faɗa da abin da ya yi shiru a kai. Idan Bajapane ya ce abu zai yi wuya, ya ƙi ke nan cikin ladabi. Baƙon da bai gane ba sai ya koma ofis yana neman hanyar sauƙaƙa abin da an riga an rufe. Hall ya kuma bambanta masu ɗaukar lokaci kamar layi, abu ɗaya bayan ɗaya, da masu haɗa hidimomi da yawa a zama guda, waɗanda a wurinsu katse ganawa don amsa gaisuwar wani babba ba rashin tsari ba ne.

Geert Hofstede, ɗan ƙasar Holan, ya yi amfani da takardun tambayoyi fiye da 100,000 da ma'aikatan IBM suka cike tsakanin 1967 da 1973, ya fitar da ma'aunai huɗu a littafinsa na 1980: tazarar da ke tsakanin shugaba da na ƙasa da shi, fifita kai ko fifita jama'a, son gasa ko son zaman lafiya da kula da juna, da kuma yawan gudun abin da ba a tabbatar ba. Ma'aunin farko ya fi bayyana a ofis. Manaja daga Denmak da ya nemi na ƙasa da shi su yi masa gardama a taro zai iya samun shiru a Malesiya, ya ɗauka sun yarda, alhali su a ganinsu musa wa shugaba a bainar jama'a rashin tarbiyya ne. An soki aikin Hofstede, musamman Brendan McSweeney a 2002, kan cewa ma'aikatan kamfani ɗaya ba sa wakiltar ƙasa. Sukar tana da ƙarfi idan aka zo Afirka, inda ya haɗa Gana da Najeriya da Saliyo ya ba su maki ɗaya, kamar dai ɗan kasuwar Kwari da na Onica da na Kumasi tunaninsu guda ne. Ma'aunan suna taimakawa wajen sanin tambayar da za a yi. Ba sa faɗin halin mutumin da ke zaune a gabanka.

Sauran bambance-bambancen na yau da kullum ne. A Japan ana tuntuɓar kowa a gefe kafin taro, taron kansa tabbatarwa ce kawai. A Sin sanayya da amana, wato guanxi, suna gaba da sa hannu a takarda, kuma ba a ba da agogon bango kyauta domin furucin kalmar ya yi kama da na rakiyar gawa. Saudiyya ta mayar da hutun mako Juma'a da Asabar a 2013, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta koma Asabar da Lahadi a 2022, lokutan aiki kuma suna raguwa da azumi. Kyauta tana da nata haɗari, domin dokar Amurka ta 1977 kan cin hanci a ƙetare da ta Birtaniya ta 2010 suna bin kamfani har inda reshensa yake, kuma “haka ake yi a nan” ba hujja ba ce a kotu.

Misalai biyu sun shahara a azuzuwan koyar da kasuwanci. Walmart ya shiga Jamus a 1997 ta hanyar sayen shagunan Wertkauf, ya ƙara da na Interspar a 1998, ya turo shugabanni da tsarin Amurka. An umarci masu karɓar kuɗi su riƙa yi wa kowa murmushi, abin da wasu masu sayayya suka ɗauka kwarkwasa ce, an kawo waƙar kamfani ta safe, an kuma fitar da ƙa'idar hana soyayya tsakanin ma'aikata wadda kotun ƙwadago a Dusseldorf ta soke a 2005. A 2006 ya sayar wa Metro shagunansa 85 da asarar kusan dala biliyan ɗaya. Ba al'ada kaɗai ta kayar da shi ba, akwai gasar Aldi da Lidl da dokar hana sayar da kaya ƙasa da farashin sari, amma waɗannan ma abubuwa ne da manajojin Jamus da ya gada suka sani, da an saurare su.

Na biyun masana'antar motoci ce ta NUMMI a Fremont, jihar Kalifoniya. General Motors ya rufe ta a 1982 tana cikin mafi munin masana'antunsa wajen inganci da zuwa aiki. Da aka sake buɗe ta a 1984 da haɗin guiwar Toyota, yawancin waɗanda aka ɗauka aiki tsofaffin ma'aikatan masana'antar ne. Toyota ya turo manajoji daga Japan, amma ya kuma kwashi ɗaruruwan Amurkawa zuwa masana'antarsa ta Takaoka suka yi makonni suna aiki kafaɗa da kafaɗa da Japanawa, suka ga da idonsu lebura yana jan igiya ya tsayar da layi idan ya ga kuskure, ba a kuma hukunta shi ba. Cikin ɗan lokaci ingancin motocin Fremont ya kusa kamo na Japan. A nan turawar ta tafi ta ɓangarori biyu.

Ƙasashe masu karɓa

Gwamnatoci suna son jari da fasahar da baƙi ke kawowa, amma ba sa son muƙamai su dawwama a hannunsu. A Najeriya sai kamfani ya sami izinin adadin guraben baƙi daga Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida, ma'aikacin ya karɓi katin zama na CERPAC daga hukumar shige da fice, kuma ana buƙatar a haɗa shi da 'yan ƙasa masu koyon aikin domin su gaje shi. Dokar 2010 ta fifita 'yan ƙasa a harkar mai da iskar gas ta taƙaita baƙi zuwa kashi 5 cikin ɗari na muƙaman gudanarwa. A Fabrairun 2024 gwamnati ta ƙaddamar da harajin ɗaukar baƙi aiki, dala 15,000 a shekara kan darakta da 10,000 kan sauran, ta dakatar da shi a watan Maris bayan ƙorafin ƙungiyoyin masana'antu. Saudiyya tana da shirin Nitaqat tun 2011, mai auna kamfanoni bisa yawan 'yan ƙasa da suka ɗauka.

Tazarar albashi ce ta fi haifar da ɓacin rai, domin injiniyoyi biyu kan yi aiki ɗaya a ɗaki ɗaya, ɗaya yana karɓar ninkin na ɗayan sau da yawa. A Maris ɗin 2025 hukumomin Nijar sun kori manyan jami'ai uku 'yan Sin na kamfanonin mai, ciki har da na matatar SORAZ ta Damagaram, kuma bambancin albashi tsakanin baƙi da 'yan ƙasa yana cikin dalilan da suka bayar.

Komawa gida

Wannan ne matakin da kamfanoni suka fi sakaci da shi. Wanda ya shugabanci reshe mai ɗaruruwan ma'aikata kan dawo ya tarar an ba wani kujerarsa, waɗanda suka san shi sun yi ritaya ko an sauya musu wuri, alawus ya tsaya, ba kuma mai tambayarsa abin da ya koyo. John da Jeanne Gullahorn sun nuna tun 1963 cewa mai dawowa kan sake shiga irin gigicewar da ya yi a can, wani lokaci ma ta fi tsanani tun da bai yi tsammaninta ba. Yaran da suka girma a waje, waɗanda Ruth Hill Useem ta kira 'ya'yan al'ada ta uku, sukan dawo ƙasar da fasfonsu ya ce tasu ce alhali ba su san wasanninta ba, wani lokaci har harshenta. Da yawa daga cikin masu dawowa suna barin kamfanin cikin shekara ɗaya ko biyu, su kai ƙwarewar da aka kashe wa kuɗi wurin abokan hamayya. Saboda haka wasu kamfanoni suke rubuta muƙamin da mutum zai dawo a kai tun a cikin kwantiragin tafiya, su kuma naɗa masa wani babba a hedikwata da zai riƙa ambaton sunansa idan ana rabon muƙamai.